Tafkinmu ya koma kore, kifi na mutuwa: wane magani za mu zuba?

Tambaya

Assalamu alaikum, Malam. Ni ne sakataren ƙungiyar ci gaban garinmu. Muna da tafki a gabas da gari, da damina faɗinsa ya kai filin ƙwallo uku. Da can a nan muke kamun kifi, shanu su sha, masu lambu su yi ban-ruwa. Shekara huɗu ke nan ruwan ya koma kore shar, da bazara wari har cikin gidaje. Bara da aka yi ruwan farko, gari ya waye kifi ya taso matacce. Mun yi karo-karo mun tara ɗan kuɗi. Wasu sun ce mu sayi alif mu zuba, wasu sun ce kulorin, wani kuma ya ce akwai maganin da ke kashe gansakuka cikin kwana biyu. Wanne ya fi?

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam Sakatare, Allah ya saka muku da alheri, kai da mutanen garinku. Garin da zai iya yin karo-karo saboda tafki ya riga ya samu abin da ya fi wuyar samu a wannan aiki. Don haka nake roƙonku tun kafin bayani ya yi nisa: ku ɗaure bakin jakar nan tukuna, kada ku sayi ko ɗaya daga cikin ukun a bana. Na daɗe ina aikin kiwon kifi da kula da tafkuna, kuma duk inda na ga an fara da zuba magani, kuɗin ne ya tafi, koren ya dawo kafin wata ya zagayo.

Kogi yana wanke kansa, abin da aka zuba masa yau gobe ya yi gaba da shi. Tafki kuwa kasko ne. Duk abin da ruwan sama ya kwaso daga gari da gonaki a cikinsa yake sauka, kuma babu ƙofar fita. A wannan yanki namu rana da iska suna shanye ruwan da zurfinsa ya kai wajen mita 2 a shekara daga saman buɗaɗɗen ruwa, amma zallar ruwa suke ɗauka, taki da gishiri da dauɗa suna nan zaune. Kamar miya ce da aka bari a kan wuta, tana ƙonewa tana ƙara kauri. Shi ya sa warin ya fi tsananta da bazara.

Koren da kuke gani tsiro ne, ƙanana ƙwarai, ba a ganin ɗaya-ɗayansu sai da madubin likita. Abincinsu kuma abincin masara ne. Ka dubi buhun takin zamani, za ka ga an rubuta NPK: harafin farko naitirojin, na biyu fosfaras. Su biyun nan suna cikin kashin shanu, da bayan gida, da fitsari, da jinin mayanka, da ruwan wanke-wanke, da takin da ruwa ya wanko daga lambu. Takin da ya kamata ya zauna a gona shi ne ya faɗa tafki, tafkin kuma ya yi abin da gona take yi in ta sha taki.

A shekarar 1973 wani masanin ruwa mai suna David Schindler ya yi gwajin da har yau ake koyar da ɗalibai da shi. A lardin Ontariyo na Kanada akwai tafkunan da aka keɓe don bincike. Ya ɗauki mai lamba 226, wanda yake da ƙugu a tsakiya kamar kalangu, ya raba shi biyu da labulen roba. Ɓangare ɗaya ya zuba masa naitirojin da kabon, ɗayan ya zuba masa su biyun ya ƙara da fosfaras. Ba a daɗe ba ɓangaren da ya sha fosfaras ya koma kamar miyar kuka, ɗayan yana nan garau. Tun daga nan aka san mabuɗin: in kana so kore ya tafi, ka tsare fosfaras.

Mutuwar kifin bara, mutane da yawa in sun ga irinta sai su ce an zuba guba. Yana yiwuwa, amma galibi shaƙewa ce. Kifi yana rayuwa da iskar oksijin da ta narke a ruwa, ruwa kuwa ba ya riƙe ta da yawa. A ƙa'ida, mai ɗumin digiri 20 yana riƙe wajen miligiram 9 a lita, mai digiri 30 kuma wajen 7 da rabi kacal. Da rana gansakuka tana zuba iskar har ta yi yawa. Da dare sai ta juya tana shaƙa, ita da kifi da ƙwayoyin da ke ruɓar da dauɗa a ƙasa, kowa na ja babu mai zubawa. Lokacin da ya fi hatsari ke nan asuba.

Ka gwada zuwa bakin tafkin bayan sallar asuba. Na taɓa tsayawa a bakin wani irin naku a watan Mayu, gari bai gama wayewa ba, ruwan ya kwanta lif ba iska. Daga gaɓa har inda ido ya kai, bakunan karfasa ne a saman ruwa suna buɗewa suna rufewa, kana jin ƙararsu kamar yayyafi a kan ganye. Na jefa tsakuwa, ko gezau ba su yi ba, alhali kifi mai lafiya inuwarka kaɗai ta isa ta sa shi nutsewa. Yaran da suka biyo ni suna kama su da hannu suna murna, ni kuwa gabana na faɗuwa. Tarwaɗa ko a jikinta, domin Allah ya yi mata wata gaɓa a cikin kai da take shaƙar iskar sarari da ita, haka ma gaiwa mai huhu. In masuntanku sun ce kamunsu ya koma tarwaɗa zalla, karfasa ta yi wuya, to wannan ma shaida ce.

Ruwan farko yana haɗa masifu a dare ɗaya. Ya wanko dauɗar da ta yi wata bakwai tana taruwa a lambatu da juji, ƙwayoyin ruɓa su far mata suna cinye iska. Sanyinsa da guguwar da ta zo da shi su juya tafkin, ruwan ƙasa marar iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai ya hau sama ya gauraya. Laka ta rufe haske, gansakuka ta mutu ta ƙara ruɓa. Kafin ku kai ga gyara na gaskiya, abu biyu za su rage asara. Ku rage kifin a watan Afrilu, ku ci ku sayar, tun kafin hadari ya fara haɗuwa. Ran da kuka ga bakuna a sama kuma, ku ari injin ban-ruwa biyu ko uku daga masu lambu, ku ja ruwa daga kusa da sama, ku ɗaga bakin tiyo ruwan ya watsu a iska ya faɗo cikin tafkin, daga tsakar dare har rana ta ɗaga.

Akwai abin da nake so ka sanar da mutane yau, ba sai an yi taro ba. Ba kowane kore ne iri ɗaya ba. Ka tsoma sanda ka ɗago. In ta fito da zare-zare kamar gashi, wannan gansakuka ce ta yau da kullum, ƙyama gare ta amma ba ta kisa. In ta fito kamar an tsoma ta a gwangwanin fenti, ka yi hattara. Ka ɗebi ruwan a kwalba mai haske, ka ajiye a inuwa daga dare zuwa safe. In koren ya kwanta a gindi, da sauƙi. In ya taso ya yi zobe a wuyan kwalba, to irin nan ce mai kore da shuɗi-shuɗi, wadda wasu nau'o'inta suke fitar da gubar da ke cin hanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar wannan guba a ruwan sha maikirogiram 1 a lita, wato kashi ɗaya cikin dubu na miligiram. Tafasawa ba ta kashe ta, sai ma ta ƙara mata kauri. A watan Agustan 2014 an hana mutum wajen 400,000 shan ruwan famfo kusan kwana uku a birnin Toledo na Amurka saboda ita. A 2020 giwaye sama da 300 sun mutu a Botsuwana, hukumomin ƙasar suka ce irin wannan gansakukar ce sanadi. Abin da ya kayar da giwa, akuya ba za ta sha ba. Iska ce ke tara ta a gefe guda, don haka in dole dabbobi su sha, a kai su gefen da iskar take fitowa, yara kuma a hana su wanka har sai kumfar ta wuce.

Yanzu magungunan naku. Kulorin na randa ne da tanki da rijiya. A tafki, dauɗa da hasken rana suna cinye shi cikin sa'o'i kaɗan, amma kafin ya ƙare ya ƙone gaɓar numfashin kifi, don ɗan ƙanƙani ya isa ya kashe su. Wannan ku cire shi daga lissafi gaba ɗaya.

Maganin kwana biyun nan, kusan tabbas shuɗin garin nan ne na jan ƙarfe da ake kira kofa-salfet. Gaskiya ne yana kashe gansakuka. To amma ina gawarta za ta je? A nan za ta ruɓe, ta cinye sauran iskar, ku sake kwasar mataccen kifi. In mai guba ce, fashewar ƙwayoyinta ke sakin gubar gaba ɗaya cikin ruwa. Fosfaras ɗin da ke jikinta kuma ya koma ruwa ya zama abincin ta gaba. Jan ƙarfen ba ya ruɓewa, yana taruwa a laka, tumaki kuwa ba sa jure shi.

Alif shi ne ba zan kushe ba, don yana da ranarsa. Yana kwantar da laka, yana kama fosfaras ya nutse da shi, kuma a Amurka ana amfani da shi a tafkuna. Bari mu yi lissafi. Filin ƙwallo uku wajen murabba'in mita 21,000 ke nan. In zurfin ya zo mita 1 a tsaka-tsaki, lita miliyan 21 ce, jarka 840,000 mai cin lita 25. A kan giram 20 ga kowace lita 1,000, kuna bukatar kilo 420, buhu takwas da ɗoriya. Kuɗinku zai iya saya, ruwan kuma ya washe ku yi murna. Ruwan sama biyu masu ƙarfi za su maido muku da abin da kuka kwantar, tunda lambatun yana nan buɗe. Ga shi yana sa ruwa tsami, in ba a gwada an daidaita da farar ƙasa ba ya kashe kifi. Alif aikin ƙarshe ne, bayan an toshe kafofin, kuma da mai gwaji a kusa.

Ruwa ba ya tsami banza. Ka ce shekara huɗu ke nan, to me ya canza shekara biyar ko shida da suka wuce? Ko an yi sabon lambatu da ya nufo tafkin, ko mayanka ta ƙaura, ko unguwa ta matso da masai, ko lambuna sun sauko har bakin ruwa, ko wata mashaya ta rufe duk shanun yankin suka dawo nan. Dattawa za su tuna. Aikinku na farko ba ya cin ko kwabo: ran da aka yi ruwa mai ƙarfi, ku fita mutum huɗu ko biyar da laima, ku zagaye tafkin yayin da ruwa ke kwarara. Kowace hanya ruwa ya shigo, ku bi ta a ƙafa har tushenta, ku rubuta launinsa da warinsa da abin da ya ɗauko. Kusan kullum za ka tarar kafa ɗaya ko biyu ne ke kawo mafi yawan ɓarnar. A nan kuɗinku zai yi aiki.

Mutanen birnin Siyatil na Amurka haka suka yi da tafkin Washinton. Ruwan masai na garuruwan da ke kewaye ya sa shi ya yi kore yana wari. Masanin jami'arsu, W. T. Edmondson, ya nuna musu tushen, suka amince da kashe kuɗi, daga 1963 zuwa 1968 aka karkatar da bututun gaba ɗaya. A 1964 ido ba ya ratsa ko mita 1 na ruwan, zuwa 1968 ana gani har mita 3, daga baya ya ƙara washewa. Ba su zuba masa magani ba, sun dai daina ba shi taki.

A garinku wannan yana nufin juji ya tashi daga gangare, jini da tumbin mayanka su tafi ramin taki, masu wankin babur da masu rini su samu ramin tsotse ruwansu nesa da gaɓa, kowane masai kuma ya kasance aƙalla mita 30 daga inda ruwa ke kaiwa da damina. Maganar shanu ce take bukatar natsuwa, kuma a nan na ga gyara da yawa ya rushe. Saniya in ta shiga ruwa har ciki, a nan take kashi da fitsari, kofatonta kuma na dama laka. Amma makiyayi yana da haƙƙi a ruwan nan tun kafin a haifi ni da kai, kuma shi ne farkon wanda ruwa mai guba zai yi wa asara. Kada ku kafa shinge ya zo ya tarar. Ku je wurin Arɗo tun farko, da mai gari da liman, ku nuna masa kwalbar nan mai zobe a wuya. Abin da za ku miƙa masa mashaya ce da ta fi ta da: kwami na siminti a tudu, nesa kaɗan da gaɓa, da ƙaramin famfo mai aiki da hasken rana. In kuɗi bai kai ba, a bar mashiga ɗaya tak, a shimfiɗe ta da dutse da tsakuwa, dabba ta sa baki ba tare da ta shiga da jiki ba. Burtali ya zauna yadda yake. Kashin da zai taru a gindin kwami, masu lambu za su yi rububinsa.

Sai ɗamara. Ku bar taku goma sha biyar ko ashirin daga bakin ruwa ba noma, a dasa ciyawa ta yi kauri. Jema ta fi kowace a wannan aiki, saiwarta na nutsewa ƙasa sosai, tana jure ambaliya da fari, ga ta da amfani wajen saƙa da jinka. Gamba a sama-sama, burgu a inda ruwa ke kwanciya, shi kuma abincin dabbobi ne mai kyau. Masu lambun da za su ja baya a ba su yankan ciyawar. A bakin babbar kafar da ruwa ke shigowa kuma ku haƙa ramin tarbe, zurfin ƙirjin mutum, da jerin duwatsu da ragar ƙarfe a gabansa don tare leda da robobi. Ruwa in ya faɗa ramin ya rage gudu, sai ya sauke yashi da laka a nan, fosfaras kuwa mafi yawansa a jikin laka yake tafiya. Kowace rani a kwashe ramin. In kuna da iko da tudun da ke sama, ginan rabin wata da jerin duwatsu irin wanda ya farfaɗo da ƙasar Keita a jihar Tawa ta Nijar tun daga aikin da aka fara a 1984 zai rage lakar tun daga tushe.

Za ka ji ana cewa kacala da kainuwa suna tace ruwa. Gaskiya ne, suna shan taki, amma da sharaɗi: sai an yanke an fitar. Tsiron da ya sha fosfaras ya mutu a cikin ruwa, aro ya yi ya biya. Kuma ka tambayi mutanen Haɗeja da Nguru labarin kacala. Bayan an gina madatsar Tiga a 1974 da ta Calawa a 1992, ruwan da a da yake zuwa da damina ya janye da rani ya koma kwanciya duk shekara a wurare da yawa. Kacala ta samu abin da take so, ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonakin shinkafa da wuraren su, ta zama masaukin jan-baki. Saboda haka in tana tafkinku, ku killace ta a ɗan fili tsakanin ramin tarbe da tafki, ku riƙa yanka sau biyu a shekara. Wadda ta tsallake iyaka a yanke ta a ƙarƙashin ruwa, don ta cikin kara take shaƙar iska, in ruwa ya rufe kututturen sai ta shaƙe. Kainuwa dashen Allah ce, amma in ta rufe fuskar ruwa ta hana haske da iska, a janye ta da igiya da gora a yi taki da ita. Baƙuwar ciyawar ruwan nan mai fure ruwan shuɗi da kumburarren wuya, wadda ta shigo Nijeriya ta Badagiri a 1984, kada wanda ya kawo muku ita ko kyauta. Cikin mako biyu tana iya ninka kanta, kuma ita ce ta toshe tashoshin jiragen ruwa a tafkin Biktoriya a ƙarshen shekarun 1990.

Ko kun toshe kowace kafa, akwai rumbun taki a gindin tafkin. Lakar da ta taru tana riƙe da fosfaras na shekaru, kuma duk lokacin da iska ta ƙare a ƙasa sai ta sake shi. A tafkunan Turai da aka daɗe ana bibiya, wannan ya sa sai an yi shekara 10 zuwa 15 kafin ruwa ya daidaita. A nan mu muke da sa'a a kansu: namu yana ja baya da rani, ana iya shiga a kwashe. Yasa ita ce babban aikinku, daga Maris zuwa farkon Mayu, kuma aikin gayya ne, da shebur da baro da amalanke.

Ka sa shebur a busasshen gefen ka duba da idonka. A sama akwai ɓawo mai tsage-tsage. Ƙarƙashinsa baƙar laka ce wuluk, mai santsi kamar man shanu, da wari mai hawa kai, cike da leda da tsumma. Ita ake nema. Kana ci gaba sai launi ya canza, ka ji shebur ya ci karo da yumɓu mai tauri, fari-fari ko ja-ja, marar wari. Nan za ku tsaya cak. Yumɓun nan shi ne gindin kaskon. Na san garin da suka yi hayar motar haƙa, direban ya ga a biya shi da zurfi, ya huda yumɓun ya kai ga yashi. Damina ta cika tafkin, kafin sanyi ya wuce ya tsiyaye ƙaf, mata suka koma tafiya mai nisa neman ruwan wanki. Har yau in na tuna raina yana ɓaci, don da wani ya tsaya a kansa da sanda yana nuna masa iyaka, da ba a yi wannan asara ba.

Lakar da kuka fitar kada a tara ta a gaɓa, ruwan farko zai maido ta. A kai gona, taki ce mai kyau in ta sha rana. Sai fa in akwai majema ta zamani, ko masu fasa batir, ko masana'anta a saman tafkin. Wanda ya san Kano ya san abin da rafin Getsi ke kwasowa daga Bompai ya zuba a Jakara har madatsar Wasai, da abin da majemun Sharaɗa da Calawa ke saki. Irin wannan laka tana ɗauke da ƙarafa masu guba kamar kuromiyam da dalma, ba a kai ta lambun latas da alayyafo sai an gwada. Ku bar gaɓar da gangare mai sauƙi saboda yara, masu aiki kuma su sa takalman roba. Kuma in wani ya ce a cike tafkin a yanka filaye a huta, ku tuna masa kududdufan cikin birnin Kano, waɗanda aka haƙa don ƙasar gini suka zama matattarar ruwan sama. Inda aka cike su, ruwan bai fasa zuwa ba, gidaje ya koma shiga.

Kifi zai dawo da kansa ko da ɗan taimako. Karfasa tana cin gansakuka, tarwaɗa kaɗan za ta hana ta yin yawa har ta tsumbure. Kada a zuba kashin kaji wai don a ciyar da su, tafkinku ya ƙoshi. Kamun kifi da gubar gamalin ko magimfa, da jan gidan sauro a matsayin koma, sai Sarkin Ruwa ya hana, kuma dokarsa ta fi takardar ƙungiya tasiri in gari ya tsaya masa. Kifin da ake gani a bikin Argungu, asirinsa shi ne kogin Matan Fada a rufe yake ga masunta sai lokacin biki. Ku ma ku rufe naku daga farkon damina, lokacin da kifi ke ƙwai, a buɗe da kaka.

Wani abu kuma da bai kamata in ɓoye maka ba: ko ruwan ya washe har kana ganin ƙafarka, bai zama na sha ba. Ƙwayar kwalara da ta taifot ba su da launi. Tsargiya ma a ruwa mai kyan gani take, tana bi ta jikin ƙananan katantanwa da ke maƙale a ciyawar gaɓa, ta huda fatar mai wanka. Yaro ɗaya mai fitsarin jini in ya yi fitsari a ruwa ya ɗaura wa sauran. Ku nemi sashen lafiya na ƙaramar hukumarku a kan rabon maganinta ga 'yan makaranta. Kurkunu da tafkuna irin wannan suke yaɗawa, da tace ruwa da hana mai ciwo shiga tafki aka kore shi, har aka tabbatar wa Nijeriya da Nijar sun rabu da shi a 2013. Don ruwan sha, rijiya mai murfi da aka haƙa nesa kaɗan da gaɓa ta fi, ƙasa ta tace muku, a nan kulorin ɗin zai yi amfani.

Don ku san ko kuna ci gaba, ku yi ma'auni. Ka samu murfin bokitin fenti fari, ka huda tsakiya, ka ɗaura igiya da dutse a ƙasa, ka yi wa igiyar ƙulli kowane santimita 10. Wani masani ɗan Italiya, Angelo Secchi, shi ya fara wannan dabara a 1865, kuma har yau da ita masana ke aiki. Kowace Juma'a da hantsi, a wuri ɗaya, mutum ɗaya ya saki farantin a hankali har ya ɓace wa ido, ya rubuta ƙulli nawa suka nutse. In ya ɓace kafin taƙi ɗaya, wajen santimita 20, ku kwana da shirin injin ban-ruwa. Santimita 30 zuwa 45, kusan kamu ɗaya, shi ne ruwan da kifi ke so, ɗan kore-kore ba fari tas ba. A shekarar farko kada ka karaya in lambar ta yi ta hawa da sauka, ka kwatanta Afrilun bana da Afrilun baɗi. Gwajin laka da na guba sai ɗakin gwaji: jami'ar da ke kusa da ku, ko Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Kaduna, ko cibiyar binciken kifi ta Sabon Bussa.

In kun yi zagayen ranar ruwa, ka rubuto mini kafofi nawa kuka samu da abin da ke saman kowace, da zurfin baƙar lakar a wuri uku, da abin da kwalbar ta nuna. Da su zan iya gaya maka girman ramin tarben da ya dace da ku, da kuma ko kuɗin da ke hannu ya fara zuwa kwami ko baro da shebur. Ka gaishe mini da mai gari da Sarkin Ruwa.